Tambaya da Amsa: Lamiri, Waswasi da Haƙƙin Mutane

Wasiƙun wannan watan yawancinsu a kan abu guda suka tsaya: muryar nan ta cikin ƙirji da ke hana mutum barci idan ya ci haƙƙin wani. Mun zaɓi shida mun miƙa wa malamin fiƙihu da likitan ƙwaƙwalwa da ke kula da wannan fili, suka haɗa kai suka ba da amsa.

Assalamu alaikum. Malam, mene ne ainihin lamiri? Da shi ake haifar mutum ko koyonsa ake yi? Kuma yaya zan gane lamirina ne ke damuna, ba tsoron tonon asiri ba? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Wa alaikumus salam. Lamiri shi ne hukuncin da mutum ke yanke wa kansa a kan aikinsa, ko da babu mai kallo. Kafin aiki yana zuwa da gargaɗi: gaba ya faɗi, hannu ya yi nauyi. Bayan aiki kuma ya zo da zargi ko natsuwa. Alƙur'ani ya yi rantsuwa da rai mai yawan zargin kansa a aya ta 2 ta Suratul Ƙiyama, kuma Suratus Shamsi ta ce an kimsa wa rai sanin fajircinsa da taƙawarsa. 'Yan'uwanmu Kirista suna karanta makamancin haka a Romawa 2:15.

Tushen da shi ake haihuwa, amma abin da za a ɗora a kai koyonsa ake yi. Masu nazarin halayyar yara kan miƙa wa yaro ɗan shekara biyu zuwa uku abin wasan da aka shirya ya karye a hannunsa. Da yawansu sukan sunkuyar da kai, su kau da ido, wasu su yi ta ƙoƙarin haɗa shi. Babu wanda ya koya musu wannan damuwa. Amma sanin cewa riba haramun ce, ko cewa gadon maraya ba abin taɓawa ba ne, sai an karantar. Shi ya sa ake samun mutum mai tausayi ƙwarai yana tafka ɓarna hankalinsa kwance, don bai sani ba.

Lamiri kuma yana da mazauni a jiki. A 1848, a jihar Vermont ta Amurka, wani ƙarfe ya ratsa gaban ƙwaƙwalwar wani shugaban leburorin titin jirgin ƙasa mai suna Phineas Gage. Ya rayu, yana magana, yana gane mutane, amma likitansa ya rubuta cewa ya koma mai ashar, marar haƙuri, wanda ba ya tsayawa a kan shawara. Amfanin sanin wannan shi ne, idan dattijo mai kamun kai ya fara sakin baki ko taɓa kayan mutane haka kawai, ko matashi ya sauya hali bayan hatsarin babur, a kai shi asibiti kafin a fara cewa ya lalace.

Game da tambayarka ta ƙarshe, hadisin Nawwas ɗan Sam'an da Muslim ya ruwaito ya ce zunubi shi ne abin da ya yi maka kai-kawo a rai, kuma ka ƙi mutane su gani. Ka ga ke nan ƙin idon mutane shi ma alama ce. Sai dai mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, kuma wannan firgitar ba tuba ba ce. Ka ƙaddara duk wanda ya san zancen ya bar duniya, takardun sun ƙone. Idan ka ji sanyi nan take, tsoro ne ke damunka. Idan har yanzu fuskar wanda ka cuta tana zuwa maka, lamiri ne. Ka kuma duba inda abin ke tura ka: tsoro yana sa a ɓoye, a shirya ƙarya ta biyu, lamiri yana sa a nemi hanyar biya.

Malam, ni mai awon hatsi ne. Shekarun baya na sa an ɗan bubbuge gindin tiyata ta ciki. Da farko ko barci ba na iyawa, daga baya na daina jin komai. Yanzu ina so in tuba, amma masu sayen ba su ƙirguwa. Zuciyata ta mutu ne? Yaya zan yi? Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

Alhaji, zuciyar da ta mutu ba ta rubuto wasiƙa. Ta dai yi kanta, irin ta tafin manomi da ya saba da fartanya. Hadisin Abu Huraira a Tirmizi ya ce idan bawa ya yi zunubi akan ɗiga baƙin ɗigo a zuciyarsa. In ya tuba a goge, in ya ƙara a ƙara, har ya rufe ta. Wannan shi ne tsatsar da aka ambata a aya ta 14 ta Suratul Muɗaffifina, surar da ta buɗe da masu tauye mudu. A 2016 masu bincike a Landan sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane suna ƙaramar ƙarya don samun kuɗi. Sashen da ke motsawa idan mutum ya ji ba daɗi ya yi ta raguwar motsi daga ƙarya zuwa ƙarya, ita kuma ƙaryar tana ƙara girma.

Ba maimaici kaɗai ke kashe jin ba, har da maganganun da mutum ke lallashin kansa da su. Masanin halayyar ɗan'adam Albert Bandura ya lissafa hanyoyi takwas, kuma kusan duka ana jin su a rumfunan kasuwa: a sauya wa abin suna a ce “dabarar kasuwa ce”, a ce “kowa haka yake yi”, a ce “ɗan abin da bai kai cikin hannu ba”, a ce “ai su ma masu sayen sai sun ƙware mu a ciniki”. Ka gano wacce ce taka, don ita za ta dawo maka ranar da ciniki ya yi wuya.

Sharuɗɗan tuba suna farkon Ahalari da muka karanta tun muna yara: nadama, barin saɓon nan take, da niyyar ba za a koma ba. Idan da haƙƙin mutane, sai an mayar. Fara da tiyar: ka lalata ta yau, kada ka sayar wa wani, kada ka ajiye ta a bayan rumfa.

Amma kafin ka lalata ta, ka auna. Cika ta da gero ka ɗora a sikeli, ka cika tiya mai kyau da geron nan ka ɗora, ka rubuta bambancin. A ce giram 100 ne, kuma kana auna tiya 50 a rana. Kilo 5 ke nan kullum. Idan kana fita kwana 300 a shekara, ya zama kilo 1,500, wato buhu 15 mai kilo ɗari. Sai ka ninka da yawan shekarun. Inda ka yi kokwanto tsakanin adadi biyu, ɗauki mafi yawa. Hatsi abu ne da ake biya da irinsa, don haka buhunan ne a wuyanka, ko kuɗinsu a farashin ranar biya, ba farashin wancan lokacin ba. Nan mutane da yawa ke kuskure.

Daga nan ka kasa masu haƙƙin. Akwai waɗanda ka sani: masu tuwon sayarwa, masu ƙosai da kunu, magidantan da ke awo wurinka duk wata. Waɗannan hannunsu za ka mayar wa, in sun rasu ka ba magadansu. Ba dole ba ne ka tona wa kanka asiri. Ya isa ka ce “wannan haƙƙinki ne da ya rage a wurina”, ko ka aika ta hannun amintacce. Kason waɗanda ba ka sani ba kuwa, ka yi sadaka da shi da niyyar ladan nasu ne, ba naka ba. Kuskure na biyu shi ne mutum ya kwashi kuɗin duka ya kai ginin masallaci alhali ya san ƙofar gidan masu shi. Wannan bai sauke nauyi ba.

Idan adadin ya fi ƙarfinka, kada ka ce sai ka tara. Yanka abin da za ka iya duk mako, ka rubuta a littafi, ka kuma sa ragowar a wasiyya a matsayin bashi, tunda bashi ake fara fitarwa kafin rabon gado. Kada ka jira jin daɗin zuciya kafin ka fara. Sau da yawa jin yana dawowa ne bayan an soma biya.

Malam, ni matsalata akasin ta mutane ce. Nakan sake alwala sau biyar ko shida, in sake kabbarar harama har lokaci ya kusa fita. Kullum ina jin na yi wa wani laifi, ina ta neman gafara har an gaji da ni. Wasu munanan tunani kan zo mini game da addini, in yi ta kuka. Wata ta ce mini tsoron Allah ne ya yi mini yawa. Daga wata matar aure a Damagaram.

'Yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Wannan ba tsoron Allah ba ne ya yi yawa, waswasi ne, kuma ga yadda ake bambanta su. Lamiri mai lafiya yana nuna laifi takamaimai: ranar kaza kin faɗi kaza a kan wance. Idan kika gyara, ya yi shiru. Waswasi kuwa da “wataƙila” yake magana, kuma ba ya ƙoshi. Kin sake alwala, kin samu sauƙi na minti biyu, ya dawo da ƙarfinsa. Kowane maimaici abinci ne gare shi.

Malaman Malikiyya sun daɗe da sanin wannan hali. A mazhabar, wanda ya yi shakka ko alwalarsa ta karye zai sake ta, amma an cire wanda shakka ta aura, wato mustankihi, wanda take zuwa masa kullum ko da sau ɗaya ne. Shi hukuncinsa ya yi watsi da ita. Risala ta Ibn Abi Zaid ta ce wanda shakkar rafkanuwa ta aura a salla ya kau da kai daga gare ta, babu gyara a kansa, sai dai ya yi sujada bayan sallama. Ke wannan hukuncin ne naki. Bin sa ba sakaci ba ne, shi ne bin shari'a.

Tunanin da ke sa ki kuka kuma, sahabbai sun kai wa Annabi (SAW) kukan irinsa, suka ce suna jin abin da ba za su iya furtawa ba. Ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani, kamar yadda Muslim ya ruwaito, wato ƙin da suke yi wa tunanin. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa an yafe wa al'umma abin da rai ya raya matuƙar ba a aikata ko an furta ba.

A likitance ana kiran wannan OCD, kuma yana samun mutum ɗaya zuwa uku a cikin ɗari. Idan yana cin fiye da awa guda a rana, ko yana hana ki aikin gida da zaman lafiya da miji, ya kai a ga likita. Maganinsa na farko horo ne: ki yi alwala sau ɗaya, wanki uku-uku, ki tashi daga wurin. Damuwa za ta taso, ƙirji ya yi zafi. Kada ki koma. Ki duba agogo, za ki ga tana hawa, ta tsaya, ta sauka da kanta. Gobe ta fi saurin sauka. Ki daina zagaya malamai da tambaya ɗaya, kuma maigida ya daina amsa “ka tabbata ban yi laifi ba?” sau goma, domin tabbatarwar ita ma maimaici ce. Akwai magunguna irin su fluoxetine da sertraline, likita ne ke rubuta su, kuma sukan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a ga cikakken amfaninsu. Masu dainawa a mako na uku su ne ke cewa bai yi aiki ba. Ki fara da babban asibitin da ke kusa da ke, ki nemi sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Addu'a da azkar ki riƙe su, amma da adadinsu, kada su ma su koma abin maimaitawa.

Idan jin laifin ya haɗu da rashin barci, ƙin abinci da yanke ƙauna har mako biyu, musamman bayan haihuwa, ko kika fara jin gara ki mutu, wannan ba na jira ba ne. A tafi asibiti a ranar.

Malam, ni ma'aikacin gwamnati ne mai kula da sito. Ogana ya ce in sa hannu cewa ɗan kwangila ya kawo kaya cikakku, alhali rabi ya kawo. Ya ce umarni ne daga sama. Idan na sa, laifin nawa ne ko nasa? Ina da iyali. Daga wani ma'aikaci a Bauci.

Na ku biyu ne, kowa da kasonsa. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa biyayya a cikin abin kirki kawai take. Kuma ranar da masu binciken kuɗi suka zo, sa hannunka za su gani a takardar, ba muryarsa ba.

Mun san abin ba sauƙi. A 1961, a Jami'ar Yale, Stanley Milgram ya sa mutane 40 su riƙa danna wa wani wutar lantarki duk lokacin da ya kuskure amsa. Wutar ta ƙarya ce, amma ba a gaya musu ba. Mutum 26 sun kai har maɓallin ƙarshe na bolt 450, da yawansu suna gumi suna rawar jiki, don kawai jami'in da ke kula da gwajin ya ce su ci gaba. Lamirinsu bai mutu ba, sun dai miƙa alhakin ga wani. Abin da ya fi amfani gare ka shi ne wani zagaye na gwajin: da aka sa abokan aiki biyu suka ƙi a gabansu, huɗu kacal cikin 40 suka kai ƙarshe.

Don haka kada ka tsaya kai kaɗai. Nemi wani a ofishin, mai binciken kuɗi na cikin gida ko akanta, wanda shi ma abin bai kwanta masa ba. Kada ka yi wa oga wa'azi ko ka kira shi ɓarawo, wannan faɗa zai jawo. Ka ce, “Ranka ya daɗe, zan sa hannu a kan abin da na ƙirga.” Rubuta ainihin adadin da ya shigo a littafin sito da kwanan wata, ka ajiye kwafi a wajen ofis. Idan ya matsa, ka roƙi ya rubuta umarnin a fayil. Yawancin irin wannan umarni a nan yake mutuwa. In abin ya wuce haka, akwai hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC, akwai kuma shirin masu fallasa da Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta fito da shi a Disambar 2016. Sai dai a matsayin manufar gwamnati aka fito da shi, ba dokar Majalisa ba, kuma kariyarsa tana da rauni, don haka ka ga lauya kafin ka kai ƙara. Ka kuma shirya wa canjin wurin aiki ko jinkirin ƙarin girma, ka gaya wa uwargida tun yanzu. Tilascin da shari'a ke karɓa uzuri shi ne na barazana ga rai ko gaɓa, ba fushin oga ba.

An ce Annabi (SAW) ya ce ka tambayi zuciyarka ko da mutane sun ba ka fatawa. Ke nan idan zuciyata ta natsu da abu, ya halatta? Daga wani matashi a Kumasi.

A'a. Hadisin Wabisa ɗan Ma'abad ne, yana cikin na 27 a Arba'una ta Imam Nawawi, kuma malamai sun ce wurinsa shi ne abin da ya shige duhu, ba abin da nassi ya bayyana ba. Ka lura da alƙiblarsa: an ba ka fatawar halacci, zuciyarka ta ƙi, sai ka bari. Bai ce an hana ka, zuciyarka ta so, sai ka yi ba. Dalili kuwa, mufti da abin da ka faɗa masa yake hukunci, kai kuma ka san abin da ka rage a labarin. Mai waswasi ma ba ya cikin wannan hadisi, kamar yadda muka gaya wa 'yar'uwarmu ta Damagaram.

Malam, ɗana ɗan shekara biyar ya fara ɗaukar canji yana musantawa. Na yi dukan har na gaji. Yaya ake sa wa yaro jin tsoron laifi? Daga wata uwa a Katsina.

Hajiya, a ajiye bulalar tukuna. Victoria Talwar da Kang Lee sun wallafa wani bincike a 2011 da suka yi a makarantu biyu a Afirka ta Yamma, ɗaya ana duka, ɗaya ba a yi. An hana yara 'yan shekara uku da huɗu leƙa wani abin wasa, aka fita aka bar su. Yawancinsu sun leƙa a duka makarantun. Amma na makarantar duka sun fi musantawa, kuma sun fi iya kare ƙaryar idan aka bi su da tambaya. Duka yana koya wa yaro kada a kama shi ne.

Idan kin san ya ɗauka, kada ki tambaye shi “kai ka ɗauka?”, kin buɗe masa ƙofar ƙarya ke nan. Ki ce, “Na ga naira ɗari ta mai koko a aljihunka.” Sai ki nuna masa wanda abin ya taɓa: “Da kuɗin nan za ta sayi gero gobe. Yanzu za ta ƙirga ta ga babu.” Ki riƙe hannunsa ku je ya mayar da kansa, ba a gaban yaran unguwa ba. In ya riga ya kashe, ya biya daga kuɗin tararsa na kwana biyu ko uku. Ki kira aikin da sunansa, sata ce, amma kada ki kira shi ɓarawo, don yaron da aka laƙaba wa suna yakan daina ƙoƙarin wanke kansa. Ranar da ya faɗi gaskiya da kansa, ki sassauta horon, ki kuma gaya masa dalilin sassaucin.

Sai a duba gidan. Abu Dawud ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi ɗan Amir ta kira shi yana yaro ta ce zo in ba ka, Annabi (SAW) ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino. Ya ce da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Yaron da ake aika wa ƙofa ya ce wa mai bin bashi “Baba ba ya nan” yana ɗaukar darasi, haka wanda ake cewa “yi shiru zan sayo maka alewa” ba a sayowa.

A shekara biyar ɗaukar canji abu ne da aka saba gani, kuma yakan wuce cikin 'yan watanni idan aka bi shi haka. Wanda ke bukatar likita shi ne yaron da ya kai takwas ko goma yana azabtar da dabbobi ko ƙannensa da gangan, yana cinna wuta, kuma ko an nuna masa wanda ya cuta ba ya nuna damuwa. Irin wannan a kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwar yara a asibitin koyarwa, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri.